Kafili, Igama da Albashi: Yadda Kasuwar Ƙwadago ta Rabu Gida Biyu a Saudiyya

Ƙidayar jama'ar da Saudiyya ta gudanar a 2022 ta nuna cewa mutum miliyan 32.2 ne ke zaune a ƙasar: miliyan 18.8 'yan ƙasa, miliyan 13.4 baƙi. Cikin kowane mutum goma, huɗu baƙi ne ke nan, kuma kusan dukkansu neman abinci ne ya kai su, ko ya kai iyayensu. 'Yan Bangaladash ne suka fi yawa, sai 'yan Indiya, Pakistan, Yaman da Masar, sannan Sudan da Filifin da sauransu. A kamfanoni masu zaman kansu rinjayen ya fi haka nesa, domin cikin ma'aikata biyar kusan huɗu baƙi ne. Su ke ɗora bulo, su ke tuƙa tirela, su ke sharar titi, su ke jinya a asibiti, su ke kiwon raƙuma a sahara. A ɗaya ɓangaren kuma, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasar ba su kai shekara 30 ba, kuma kowace shekara makarantu na yaye dubun-dubatarsu su shiga layin neman aiki.

Daga nan ƙorafin da aka daɗe ana ji ya samo tushe. Matashi ɗan ƙasa yana cewa baƙi sun cinye guraben aiki, sun karya darajar ƙwadago. Mai kamfani yana cewa ɗan ƙasa yana da tsada, ba ya jure wahala, kuma da zarar ya samu gurbi a gwamnati zai ajiye aikin. Baƙon da ake jayayya a kansa kuwa ba a cika tambayarsa ba. In an tambaye shi, abin da zai fara faɗa shi ne watannin da ya yi ba a biya shi ba, da bashin da ya ciwo kafin ya taso daga gida. Kowannensu da gaskiyarsa, kuma ƙorafe-ƙorafen uku daga tsari ɗaya suke fitowa. An raba kasuwar ƙwadago gida biyu: ɗan ƙasa yana da ikon ƙin aiki da ikon barinsa, baƙo kuma zamansa a ƙasar yana hannun wanda ya ɗauke shi.

Tushen rabon

A 1938 aka haƙo mai a rijiya ta bakwai a Damam. Kamfanin Amurkawan da daga baya ya zama Aramco ya kafa sansaninsa a Zahran, ya jera ma'aikata hawa-hawa. Amurkawa na sama, a gidaje masu na'urar sanyi a bayan shinge. A tsakiya akwai Italiyawan da aka kwaso daga Iritiriya, da Indiyawa, da Falasɗinawa. A can ƙasa kuwa 'yan ƙasar ne da kansu, a bukkokin ganyen dabino, da albashi mafi ƙanƙanta. Sun yi yajin aiki a 1953 da kuma 1956, suna neman ƙarin albashi da matsuguni na kirki da damar kafa ƙungiya. Bayan na 1956 Sarki Sa'ud ya haramta yajin aiki gaba ɗaya. Har yau babu ƙungiyar ƙwadago mai cin gashin kanta a Saudiyya. Dokar da aka yi don rufe bakin leburan mai ɗan ƙasa ita ce daga baya ta rufe bakin miliyoyin baƙi.

Bayan 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka shigo fiye da hannayen da za su juya su. Gwamnati ta fara gina tashoshin jiragen ruwa da manyan hanyoyi da jami'o'i da biranen masana'antu irin su Jubail da Yanbu, alhali mutanen ƙasar ba su da yawa, masu ilimin zamani a cikinsu kuma 'yan kaɗan ne. Sai aka buɗe ƙofa. Malaman makaranta suka zo daga Masar da Sudan da Jodan, kamfanonin gine-gine daga Koriya ta Kudu, leburori daga Pakistan da Indiya. Su kuma 'yan ƙasa gwamnati ta kwashe su: aikin ofis daga safe zuwa bayan azahar, albashi mai kauri, fansho, kuma babu fargabar kora. Cikin shekara goma aka saba da cewa aikin gwamnati na ɗan ƙasa ne, aikin kamfani na baƙo.

Abin da ya faru da 'yan Yaman a 1990 ya ƙara ɗaure tsarin. Kafin lokacin suna shiga ba tare da kafili ba, wato wanda zai tsaya musu a takarda, suna buɗe shaguna, suna sauya aiki yadda suka ga dama. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait, gwamnatin Yaman ta ƙi goyon bayan yaƙin da aka shirya, sai Riyad ta janye wannan gata. Kimanin mutum 800,000 suka koma gida cikin 'yan watanni. Guraben da suka bari, yawancinsu ma'aikata daga kudancin Asiya ne suka cike su, waɗanda kowannensu da sunan kafili a takardarsa. An musanya baƙon da ke iya ciniki a kan ladansa da baƙon da ba ya iyawa.

Yadda kafala ke aiki

A ƙa'ida, babu baƙon da zai shiga aiki sai wani kamfani ko wani ɗan ƙasa ya nema masa biza. Wannan shi ne kafili. Shi ke sabunta masa igama, wato takardar izinin zama, kuma shekaru da dama ba a barin ma'aikaci ya sauya aiki ko ya fita ƙasar sai da sa hannunsa.

Tafiyar takan fara ne a ofishin dillali a Daka ko Lahor ko Kampala. Doka ta ce mai ɗaukar aiki ne zai biya kuɗin ɗauko ma'aikaci, amma a aikace sau da yawa ma'aikacin ne ke biya, kuma abin da yake biya kan kai albashin watanni da yawa, wani lokaci na shekara ɗungum. Ana jinginar da gona, ana sayar da gwal ɗin uwa ko na mata, ana cin bashi mai ruwa. In ya sauka, sai a karɓe fasfonsa da sunan ajiya, duk da cewa gwamnati ta daɗe da haramta hakan. Sai a kai shi masauki a bayan gari, ɗaki mai gadaje hawa biyu, mota ta ɗauke shi da asuba ta dawo da shi bayan magariba. Ƙarshen wata yana iya tarar da cewa albashin da aka rubuta a kwantiragi bai kai wanda dillali ya faɗa masa ba. Nan ne lissafinsa yake tsayawa. In ya yi gardama za a iya mayar da shi gida da bashin a wuyansa. In ya fita neman wani aikin, kafili zai iya kai rahoton cewa ya gudu, abin da ma'aikata ke kira hurub, daga nan kuma yana iya zama marar izini, ana iya kama shi a kai shi tarhil, wato gidan da ake tsare waɗanda za a tasa ƙeyarsu gida. Mutumin da ke cikin wannan hali kamar mai tallan tumatir ne da magariba ta yi masa: abin da aka taya shi zai sallama.

Tsarin ya haifar da wata kasuwa a gefe. Akwai masu rajistar kamfanin da babu shi sai a takarda, su karɓi biza su sayar. Ma'aikacin da ya sayi irin wannan biza yana yawon neman aikinsa da kansa, yana biyan kafili wani abu duk wata ko duk shekara don a sabunta masa igama. Akwai kuma tasattur, inda shago ko gareji yake da sunan ɗan ƙasa amma dukiyar da gudanarwar na baƙo ne, mai sunan yana karɓar kasonsa yana zaune a gida. Dokar 2020 ta tanadi ɗauri har na shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5 a kan wannan. Abin lura shi ne, wani sashe na 'yan ƙasa yana cin abinci ne daga arhar baƙo, yayin da wani sashen ke rasa aiki saboda ita, kuma wani lokaci a gida ɗaya ake samun su.

Lissafin mai kamfani

Mai kamfani ba ya buƙatar ƙin 'yan ƙasarsa kafin ya fifita baƙo. Alƙalami ne ke yanke masa hukunci. Miliyoyin baƙi suna da rajista da albashin da bai wuce riyal 1,500 ba a wata, kimanin dala 400 ke nan, tunda an ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala tun 1986. Wannan kuɗin yana da auki ga wanda iyalinsa ke ƙauye a Bangaladash, shi kuma yana kwana a masaukin kamfani. Ba zai riƙe magidanci a Riyad ba, inda hayar gida kaɗai ke iya lashe shi. A kan ɗan ƙasa, kamfani yana zuba kusan kashi 12 cikin 100 na albashi a asusun inshora da fansho. A kan baƙo kashi 2 ne kawai, na haɗarin aiki. Ga kuma abin da ba a rubutawa a littafin kuɗi: baƙo zai yi kwana shida a mako, zai yi ƙarin awoyi bai tambaya ba, kuma ba zai koma wajen abokin hamayya don an ƙara masa riyal ɗari biyu ba.

Don haka zancen cewa 'yan ƙasa ba sa son aiki bai kama ƙasa sosai ba. Abin da ba sa so shi ne aikin a kan wannan farashin da waɗannan sharuɗɗan, kuma an saita farashin ne a kan mutumin da ba shi da ikon ƙi. Arhar hannu tana da wata illar da ba a cika ambata ba. Kamfanin da zai iya ɗaukar lebura goma a kan kuɗi kaɗan ba shi da dalilin sayen inji ko horar da ma'aikaci ɗaya ƙwararre, sai aikin ya dawwama a matsayin aikin wahala mai ƙaramin lada, irin wanda mai takardar makaranta ba zai nema ba.

Ƙoƙarin mayar da aiki hannun 'yan ƙasa

Tun dokar ƙwadago ta 1969 aka rubuta cewa kashi 75 cikin 100 na ma'aikatan kamfani su zama 'yan ƙasa. An bar wa minista ikon sassautawa, kuma sassaucin ne ya zama ƙa'ida. Zuwa 2010 'yan ƙasa ba su wuce kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatan kamfanoni ba.

A 2011, shekarar da zanga-zanga ta kifar da gwamnatoci a Tunisiya da Masar, rashin aikin matasa ya zama maganar tsaro. Sarki Abdullahi ya kawo tallafin Hafiz, riyal 2,000 a wata ga mai neman aiki, ministan ƙwadago Adil Faƙih kuma ya ƙaddamar da shirin Niɗaƙat. An raba kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka, bisa girman kamfani da irin sana'arsa. Na kore da wanda ya fi shi suna samun biza cikin sauƙi. Na ja ba ya samun sabuwar biza, ba ya sabunta izinin aikin baƙinsa, kuma ma'aikatansa suna iya komawa wani kamfanin ba da yardarsa ba. Wannan hukunci na ƙarshe ya nuna cewa gwamnati ta san darajar igiyar da ke hannun kafili, tunda kwance ta ne ta zaɓa a matsayin horo.

Shirin ya ƙara yawan 'yan ƙasa a kamfanoni, babu shakka. Masaniyar tattalin arziki Jennifer Peck, wadda ta bi bayanan kamfanonin a binciken da ta wallafa a 2017, ta tabbatar da ƙarin, ta kuma gano tsadarsa: kamfanoni da yawa sun rufe, waɗanda suka tsira sun rage ma'aikata, kuma waɗanda tun farko ba su da ɗan ƙasa ko ɗaya su suka fi shan wahala. Wasu kuma suka samo dabara. Sai a sa sunan ɗalibi ko matar aure a jerin ma'aikata, a riƙa ba su ɗan wani abu duk wata ba tare da sun taka ƙofar kamfanin ba, don dai launi ya koma kore. Domin toshe wannan ne aka ce ba za a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken ma'aikaci ba sai albashinsa ya kai riyal 3,000, a 2021 aka ɗaga zuwa 4,000. Wannan shi ne abin da ake kira mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Saudiyya, kuma 'yan ƙasa kaɗai ya shafa. Baƙo ba shi da irinsa a doka. Sakamakon haka tazarar da ke sa mai kamfani guje wa ɗan ƙasa ta samu hatimin hukuma.

A 2013 aka juya kan marasa takardu. An ba da wa'adin gyara zama daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba. Miliyoyi suka sauya kafili ko sana'ar da ke rubuce a igamarsu, kusan miliyan ɗaya suka fita. Da wa'adin ya cika aka fara samame. A unguwar Manfuha da ke Riyad an yi arangama da ta ci rayuka, kuma cikin 'yan watanni aka mayar da 'yan Habasha fiye da 160,000 gida. A makonnin farko shaguna da yawa sun kasance a rufe, gine-gine suka tsaya, ladan mai gyaran famfo da na lebura ya tashi. Matasan ƙasar ba su yi tururuwa zuwa waɗannan guraben ba, kuma ba da daɗewa ba aka ci gaba da ba da sababbin biza.

Daga nan sai aka koma keɓe sana'o'i. Shagunan kayan mata aka ba matan ƙasar tun 2012, shagunan sayar da waya da gyaranta a 2016, na gwal a 2017. Aka kuma ɗora haraji: daga Yulin 2017 baƙo yana biyan riyal 100 a wata a kan kowane mutum na iyalinsa, kuɗin yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020; kamfani kuma harajin da yake biya a kan baƙo ya hau daga riyal 200 a wata zuwa 800 a inda baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa. Fiye da ma'aikata baƙi miliyan ɗaya suka bar ƙasar cikin kimanin shekara biyu. Duk da haka a 2018 rashin aikin yi tsakanin 'yan ƙasa ya hau zuwa kashi 12.9 cikin 100. An gudu ba a tsira ba. Dalilin a fili yake: guraben aiki ba su da adadi ƙayyadadde da za a ce in wani ya tashi wani ya zauna. Akawun da ya kwashe iyalinsa ya koma Alƙahira ya tafi da kuɗin hayar da yake biya, da kuɗin makarantar 'ya'yansa, da cefanen da yake yi a kantin unguwa.

Rashin aikin ya sauko daga baya, har ya kai kashi 7 a ƙarshen 2024, 'yan ƙasa a kamfanoni kuma suka haura miliyan 2. Babban abin da ya kawo wannan shi ne shigowar mata, waɗanda kasonsu a fagen aiki ya ninka daga ƙasa da kashi 20 zuwa kusan 35, bayan an ba su damar tuƙi a 2018 an kuma sassauta sharuɗɗan waliyyi, tare da buɗe sababbin fannoni kamar yawon buɗe ido da nishaɗi. A daidai waɗannan shekarun yawan baƙi ma ƙaruwa ya yi saboda manyan gine-gine. Aikin 'yan ƙasa da na baƙi tare suka hau.

Albashin da ake bin bashi, da albashin da fasfo ke yankewa

A 2016, bayan faɗuwar farashin mai, gwamnati ta jinkirta biyan 'yan kwangila, su kuma suka daina biyan ma'aikata. Dubban ma'aikatan kamfanin Saudi Oger suka yi watanni babu albashi, suna zaune a sansanonin da abinci ya ƙare, ba su iya fita ƙasar ba, ba su iya kama wani aikin ba. Sai da ofishin jakadancin Indiya a Jidda ya riƙa raba wa 'yan ƙasarsa abinci. Kamfanin Binladin ya sallami dubun-dubata, wasu ma'aikatan da ke bin bashi suka ƙona motocin kamfanin a Makka. Wannan ya faru ne bayan an riga an kafa tsarin kare albashi a 2013, wanda ya wajabta biya ta banki don hukuma ta gani. Tsarin yana nuna wanda bai biya ba. Karɓo wa ma'aikaci haƙƙinsa kuwa yana buƙatar kotu da lokaci, kuma mai igamar da ta ƙare ba shi da lokacin.

Masu aikin gida, da suka haɗa da 'yan aikatau da direbobin gida, sun haura miliyan 3, kuma dokar ƙwadago ba ta shafe su ba. Ƙa'idoji dabam aka yi musu. A nan ne rashin adalcin ya fi fitowa tsirara, domin ƙasar da mace ta fito ita ke yanke ladanta. Gwamnatin Filifin ta tsaya kai da fata sai an biya 'yan ƙasarta dala 400, wato riyal 1,500. 'Yar Kenya ko 'yar Yuganda da ke wanki da shara da raino iri ɗaya, a gida iri ɗaya, sau da yawa ladanta bai kai riyal 1,000 ba. In wata ƙasa ta ɗaga murya, kamar yadda Indonesiya ta dakatar da tura mata a 2011, sai dillalai su koma ƙasar da ta fi talauci ta kuma fi shiru. Gasar da ake cewa tana tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, mafi zafinta tsakanin baƙo da baƙo take.

Hausawa a cikin wannan tsari

Alaƙar Hausawa da Hijaz ta girme wa mai. Alhazai sun yi ta bin hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa gaɓar Bahar Maliya, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago shekara da shekaru kafin su ƙetara, kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903 ta ƙara yawansu. Waɗanda suka zauna a Makka da Madina da Jidda tun kafin kafuwar masarautar sun zama 'yan ƙasa, jikokinsu na ɗauke da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi ne ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗanda suka zo daga baya da bizar Hajji ko Umara suka maƙale, su ne ake ce wa takari. Haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa, don haka akwai waɗanda aka haifa a Makka, Larabci ne harshensu, ba su taɓa ganin Kano ko Damagaram ba, amma ba su da igama.

A unguwanni irin su Shara Mansur da ke Makka, mata na sayar da abinci da turare da ƙananan kaya, ko su yi aikatau na awa-awa a gidaje; maza na wankin mota, dako, tsintar ƙarafa, kiwo. Ba su da kafili, don haka suna iya barin gidan da aka wulaƙanta su, wani lokaci ma ladansu na wata ya fi na 'yar aikin da ta shigo da kwantiragi. Amma in an cinye musu haƙƙi babu inda za su kai ƙara, kuma kowace fita tana iya ƙarewa a gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. Ga shi ƙabila ɗaya, harshen kakanni ɗaya, wani yana cikin waɗanda doka ta keɓe wa riyal 4,000, wani kuma doka ba ta san da zamansa ba sai ranar kamu.

Gyare-gyaren baya-bayan nan

Akwai shaida a kan abin da ke faruwa in aka sassauta igiyar. A 2011 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba ma'aikacin da kwantiraginsa ya ƙare damar komawa wani kamfanin ba tare da izinin na farko ba. Masana uku, Suresh Naidu da Yaw Nyarko da Shing-Yi Wang, sun bi bayanan albashin ma'aikatan, suka gano cewa ladan waɗanda gyaran ya shafa ya ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100, kamfanoni kuma suka rage ɗauko sababbi daga waje. Ba wanda ya umarci kamfanonin su ƙara albashi. Sanin cewa ma'aikacin zai iya tafiya shi ya sa suka ƙara. Wannan ita ce hanyar da take rage tazara tsakanin baƙo da ɗan ƙasa ba tare da an zalunci ɗayansu ba. Tana da nata nauyin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: in baƙo ya yi tsada, biza za ta ragu, wanda ke jiran nasa rabon a ƙauye zai rasa. Kuɗin da baƙi suka aika gida daga Saudiyya sun kai kimanin dala biliyan 40 a 2021, kuma gidaje marasa adadi da su suke ci. Sai dai wannan hujja ba ta halatta riƙe albashi ko ƙwace fasfo ba, kuma kuɗin da dillali ke tatsa kafin tafiya ba ya isa ga iyalin kowa.

Katar ta ɗauki wani matakin dabam. A 2020 ta soke takardar amincewar kafili wajen sauya aiki, daga Maris ɗin 2021 kuma ta kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 na Katar, da 500 na masauki da 300 na abinci in mai aiki bai samar da su ba. Kuɗin kaɗan ne, aiwatarwar kuma tana tangal-tangal, amma dokar ta shafi kowa ba tare da duba fasfo ba, har da 'yan aikin gida.

Saudiyya ta fara nata gyaran ranar 14 ga Maris 2021. Ma'aikacin kamfani yana iya sauya aiki bayan shekara ɗaya ba da yardar kafili ba, yana kuma iya neman bizar fita da kansa ta manhajar Absher, kwantiragi kuma ana rajistarsa a dandalin Qiwa. Tun 2018 akwai kotunan ƙwadago a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. An kuma hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Gyaran na 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da manoma da makiyaya ba, alhali su ne suka fi kaɗaici, suka fi nisa da idon mai bincike. An yi wa masu aikin gida sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki a 2024, masu ƙayyade awoyin aiki da hutun mako, amma tabbatar da su a cikin gidan mutum yana da wuya. Kwamitocin ma'aikata da doka ta yarda da su a manyan kamfanoni na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma har yanzu babu mafi ƙarancin albashi na doka da ya haɗa ɗan ƙasa da baƙo.